Jita da amfili na jingina: yadda ake gane arahar gaskiya

"Assalamu alaikum Kawu. Ina zaune a Marwa, shekara biyu ke nan ina koyon jita da ta aro. Na tara sefa dubu 90. Akwai wani mai shago a unguwarmu da mutane ke kai wa kaya jingina. Ya nuna mini jita mai wuta, ja, sai sheƙi take, an rubuta Fender a kanta, haɗe da amfili mai filogi irin mai faɗin haƙora. Ya ce mai su bai dawo ba. A wani shagon gwanjo kuma na ga wata Yamaha duk ta kakkarce, tsirkiya biyu sun tsinke. Wacce zan saya, kuma me zan duba kada a cuce ni?"

Wa'alaikumus salam, ɗana. Tambayarka ta haɗa abubuwa da yawa: ko ya halatta a sayar maka da kayan nan, ko jitar za ta kaɗu, ko amfilin, wato akwatin da ke ƙara wa jita murya, zai rayu a irin wutarmu. Na haura shekara 20 a Garwa ina gyaran rediyo da amfili, jita kuwa tun ina saurayi nake kaɗa ta, in kwance ta in ɗaure. Kayan nan biyu ban riƙe su da hannuna ba, don haka ba zan yanke maka hukunci daga nesa ba. Zan dai gaya maka inda idona da hannuna za su fara zuwa da ni ne a shagon.

Abin da aiki ya koya mini shi ne, a tsohon kayan kiɗa aibin da ido ke saurin gani yawanci gyaransa ba ya cin kuɗi, wanda ke kashe kaya kuwa ɓoye yake. Karce da ƙura da tsinkakkiyar tsirkiya farashi suke karyawa, ba jita ba. Wuyan da ya murɗe da taransifomar da ta soma ƙonewa suna iya zama a jikin kayan da ke ɗaukar ido, kyan ɗan maciji.

Ta ina kayan ke iso mu

A nan arewa ba kasafai za ka ga shagon jingina mai allo a ƙofa da littafin rajista irin na Amurka ba. Tamu jinginar tsakanin mutum da mutum ce. Makaɗi ya shiga matsi, ko matarsa ta haihu, ko watan Satumba ya kama ga kuɗin makarantar yara, sai ya rungumi jitarsa ya kai wa mai shago ya karɓi abin da ya samu. Shi ya sa irin waɗannan kaya suka fi fitowa lokacin komawa makaranta da gab da Sallah. Kayan jingina suna da wani alheri: wanda ya kai su ya yi niyyar dawowa, saboda haka galibi masu aiki ne, an kuma kula da su.

Sai gwanjon Turai, shagunan da muke ce wa burokanti. Kwantena ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, kaya su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya iso a 1974 ya kuma tsaya, daga nan manyan motoci su kwasa zuwa Garwa da Marwa da Kuseri, wasu su haye gadar Ngeli su shiga Injamena. Mai irin wannan shago firij ya sani da dutsen guga da talabijin. Jita da girma da ƙyalli yake yi mata kuɗi, kuma a nan arahar gaskiya ta fi ɓuya. Abin da ke shigowa ta Mubi da Yola kuma mafi yawansa sabo ne ɗan Sin. Kada ka manta da coci-coci da ƙungiyoyin makaɗan biki, su ma sukan sayar da tsofaffin kayansu in sun yi sabbi.

"Mai su bai dawo ba"

Maganar nan ta mai shago ita ce ta fara tsaya mini a rai, tun kafin zancen Fender. Rashin dawowar mutum bai mayar da kayansa na mai shago ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin da ke nuna cewa jingina ba ta zama mallakin wanda aka ba shi don kawai wa'adi ya wuce. Abin da malamai suka karantar da mu shi ne a sayar da iznin mai kaya ko na alƙali, a cire bashi, a mayar masa da abin da ya ragu. Ni makaniken rediyo ne, sauran bayanin ka nemi malamin unguwarku. Amma ta fuskar ciniki ga abin da nake yi: sai in ce a kira mini mai kayan a waya a gabana, in ji da kunnena ya sallama. Sannan a rubuta takarda mai kwanan wata da lambar jikin jitar da ta amfilin da lambar katin shaidar mai sayarwa, shaidu biyu su sa hannu.

In ka ga an kankare lambar jikin kaya, ko an ce "yau ɗin nan kawai, kada ka faɗa wa kowa", ka yi sallama ka fita. Doka tana hukunta wanda aka kama da kayan sata ko da ba shi ya sata ba. Kuma makaɗan jita a gari kamar Marwa ba su da yawa, kowa ya san jitar kowa. Ranar da ka hau dandali da ita a wurin biki, ranar mai ita zai gane ta.

Wuya ake saya

Kusan duk abin da ke jikin jita mai wuta ana iya gyara shi da sukundireba da dalma, in ban da katakon wuya. Saboda haka nan za ka daɗe. Ɗaga ta kamar mai auna bindiga, gindinta kusa da idonka, ka bi gefen wuyan da kallo har zuwa kai, ta dama da ta hagu. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba, kamar bakan da ba a ja ba, daidai ne, haka ake so. Abin gudu shi ne murɗewa, gefe ɗaya ya tashi ɗayan ya kwanta kamar an matse tsumma. Wannan ni ban iya gyara shi ba, kuma ko an yi ƙoƙari kuɗin ya fi na jitar.

Daga nan ka danne babbar tsirkiya a firet na farko, wato ƙananan ƙarafan nan da ke gicciye a wuya, ka kuma danne ta da ɗayan hannun inda wuya ya haɗu da jiki. Duba ratar da ke tsakaninta da firet na 7 ko na 8. Kaurin takarda biyu ko uku ya isa. Sai ka saki, ka auna tsayin tsirkiyar a firet na 12. Katin banki kaurinsa milimita 0.76 ne: kati biyu zuwa uku su shiga ƙarƙashinta a jita mai wuta, uku ko ɗan sama da haka a ta katako. In ya wuce haka sosai yatsunka za su sha wuya, kuma da yawan yaran da suka bar koyon jita ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza musu ba, tsirkiya ce ta yi musu tsayi.

A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake ɗaurewa ko sassautawa don a daidaita lanƙwasar. Je da makullin alan, ɗan ƙarfen nan mai kusurwa shida, ka nemi iznin mai kaya, ka murɗa ta kaɗan, abin da bai kai kwata na zagaye ba, ka mayar. In ta motsa da ɗan nauyi, lafiya lau. In ta ƙi sam, ko tana juyawa sakaka ba ta kama komai, ko bakinta ya cinye, to jitar ba ta da sauran magani ranar da yanayi ya lanƙwasa ta. Ka kuma bi bayan wuya da farce, daidai inda kai ya soma. Jita in ta faɗi nan take karyewa, musamman masu kai a karkace irin ƙirar Gibson. Sabon fenti a wannan gurbi kaɗai alama ce an ɗinke karaya.

Sai ka kaɗa kowace tsirkiya a kowane firet, daga farko har ƙarshe. Sauti ɗari da ashirin da wani abu ne, minti biyar ya ishe ka. Kana neman inda sauti ke mutuwa ko yake zuza. Ka leƙa ƙarƙashin tsirkiyoyi a firet uku ko huɗu na farko: in sun yi rami mai zurfi, aikin gogewa ko canji na jiranka. Manhajar daidaita sauti ta wayarka za ta nuna maka ko sautin firet na 12 ya yi daidai da na tsirkiyar a sake. In ya kauce kaɗan, a jita mai wuta sukurorin jaki ne za a matsa, jakin nan da tsirkiya ke hawa a kai kamar na goge.

Yamahar da ka ce tsirkiyarta biyu sun tsinke ba za ta gwadu haka ba. Sayi sabon saiti ka tafi da shi, ai ko wacce ka saya dole ka canza mata tsirkiya. Ka roƙi mai shago ya bari ka ɗaura. Mai gaskiya ba zai hana ba.

Sassan wuta ba su da wahalar dubawa. Jona ta da amfili, ka ɗan ƙwanƙwasa kowane mikuro, wato abin da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiya, da bakin sukundireba kana juya makunnin zaɓi, kowanne ya amsa da "ƙwas". In kana da mitar masu gyaran rediyo, auna a bakin waya: mikuro mai naɗi ɗaya yakan nuna om dubu 5 zuwa 7, mai naɗi biyu daga dubu 7 zuwa sama. Ƙarar "ƙurrr" in ka murɗa bolum ƙurar hunturu ce, feshi ɗaya na maganin wanke sassan wuta ke korar ta. Ramin jona waya da ke girgiɗi aikin minti biyu ne. Duk waɗannan dalilan neman ragi ne, ba na fasa ciniki ba.

Hunturu da katako

Ko da yake mai wuta kake nema, bari in faɗi wannan, don wata rana za ka so ta katako. Masu ƙera jita suna son damshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. Duwala takan haura 80, mu kuwa da tsakar hunturu mukan sauka ƙasa da 20. Na taɓa sayen wata jita mai kyan murya a watan Agusta, ana tsakiyar ruwa, fuskarta sumul. Cikin Janairu da dare ina kwance na ji "tas" daga kusurwar ɗaki. Da safe na tarar ta tsage daga jaki har gindi. Da na haska ciki da tocila sai ga tsohon gam a wurin: tsagar daɗaɗɗiya ce, damina ta kumbura katakon ta rufe bakinta. Tun ranar na fi son sayen jitar katako tsakanin Janairu da Maris, lokacin da rani ya riga ya tona duk abin da zai tona.

Jita mai katako hawa-hawa, irin Yamaha F310 ko C40, ta fi jure mana fiye da mai tsada ta katako falle ɗaya. Zura takarda ta bayan jaki: in ta shige, ya soma ɗagowa. Kuma kada ka yarda da jitar da aka ƙera don tsirkiyar roba aka ɗaura mata ta ƙarfe. Saitin ƙarfe yana jan wajen kilo 70, na roba wajen 40, kuma irin wannan jita yawanci ba ta da sandar ƙarfe a wuya. Nakan ga wannan ɓarna sau da yawa, har takan ba ni takaici. A gida ka ajiye ta cikin jakarta nesa da kwanon rufi, da ɗan jiƙaƙƙen soso cikin robar sabulu mai huji.

Sunan da ke kan jita

Fender ta asali galibi a Corona ta jihar Kalifoniya ake yin ta, ko a Ensenada ta Meziko, ko a Japan. Wadda za a ba ka har da amfili a ƙasa da dubu 90, ɗayan uku ne: ko jabu ce, ko tana da babban ciwo, ko akwai magana a kan yadda aka same ta. Liƙa suna a kai ba ya ɗaukar minti goma. Ɗauki lambar da ke bayan kan ko a farantin ƙarfen da ke riƙe wuya, ka bincika a shafin kamfanin na intanet. A Gibson kuma dubi ɗan murfin da ke kai mai kamar ƙararrawa: na asali sukurori biyu gare shi, jabun galibi uku.

Jabu ba lallai ta zama mara amfani ba. Na riƙe wasu da wuyansu ya miƙe sarai. Abin da ba zan yarda ba shi ne ka biya kuɗin suna a kan abin da ba shi ba ne. Masu rufin asirin talaka su ne Squier, wadda Fender ta soma fitarwa a 1982, da Epiphone da ke hannun Gibson tun 1957, da Ibanez da Cort, sai Yamaha Pacifica da ta fito a 1990. In kakkartacciyar nan Pacifica ce, ka ba ta lokacinka sosai. Amma har Yamaha ana kwaikwayo, musamman ta katako, don haka ita ma a duba ta.

Amfili: bayansa za ka fara karantawa

Filogin nan mai faɗin haƙora shi ya fi tayar mini da hankali. Wutar Kamaru da Chadi bolt 220 ce. Amurka 120, Japan 100, kuma irin wannan filogi suke amfani da shi. Wani yaro ya taɓa shigowa shagona rungume da Peavey Bandit, amfili mai ƙarkon gaske, idonsa ya yi ja. Ya sayo shi da safe, ya yanke filogin ya ɗaura irin namu ya jona. Ya ce fitila ta kama, ya ji "bum", sai hayaƙi. Da na buɗe, fis ɗin ba fis ba ne, wani ne can baya ya naɗe shi da takardar azurfar kwalin taba, don haka babu abin da ya tare wutar. Taransifomar ta dahu har ledarta ta narke. A bayan akwatin kuwa ga 120V rubuce ɓaro-ɓaro.

Saboda haka kafin komai ya shiga soket, karanta rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ta shiga. In 220 ne, ko 230, ko 240, ko "100-240", babu damuwa. Wasu suna da ɗan makunnin zaɓi, a tabbatar yana kan 220 ko abin da ya fi kusa da shi. Filogi mai haƙora uku masu kusurwa irin na Najeriya da Ingila shi ma lafiya ne. In 120 ko 100 ne kawai, sai da taransifomar rage wuta, kuma ƙarfinta ya ninka abin da amfilin ke ci, wanda shi ma a rubuce yake a nan baya. Ka sa kuɗinta cikin lissafi, ka kuma tuna duk ranar da aboki ya ara ya manta da ita, shi ke nan.

Sannan ka sa hanci a ramukan iska. Warin ƙonewa ba ya ɓuya ko bayan shekara. Ciro fis ka gani ko na gaske ne. Haska ciki, don na sha samun sheƙar ɓera da gidan zanzaro a kan allon wuta. Tura takardar sifika a hankali da yatsu a buɗe: ta shiga ta fito shiru, in tana gurzawa naɗinta ya ƙone. Batir mai bolt 9 in ka ɗan taɓa shi a ƙafafun sifikar, bayan ka cire wayoyinta, za ta yi tsalle in tana da rai. Sai a kunna, bolum a ƙasa, ba a jona komai ba. Ɗan huci kaɗan ba laifi. Gurnani mai kauri da ba ya raguwa ko an rufe bolum yawanci manyan kondansa ne suka bushe, gyara ne mai yiwuwa, amma a rage maka kuɗinsa. Ka kaɗa aƙalla minti 20 da ƙarfi, domin wasu cututtukan sai ya ɗau zafi suke fitowa, mu kuwa a Afrilu zafinmu kan haura digiri 40.

In ka ga kwalabe suna haske a ciki, wannan amfili mai fitila ne. Muryarsa daɗi, amma ba na farawa ba ne a nan: kwalaben sai an yi oda, ba ya son tangal-tangal ɗin wuta, ba a kunna shi ba tare da sifika ba, kuma kondansarsa kan riƙe sama da bolt 400 ko an zare filogi. Kada ka sa hannu ciki ko da wasa. Mai taransisto ya fi dacewa da mu, irin su Bandit ɗin nan, ko Roland Cube, ko Fender Frontman. In Allah ya haɗa ka da Roland JC-120, wanda ake yi tun 1975, mai sifika biyu 'yan inci 12, makaɗa da yawa shi suke mafarki, sai dai nauyinsa ya doshi kilo 30, ba na ɗaurawa a bayan mashin kullum ba ne.

Kada lambar wat ta ruɗe ka. Wanda aka rubuta wa PMPO da dubban wat talla ce, RMS ake dubawa, shi ne ƙarfinsa na gaskiya. Wat 15 zuwa 20 ya ishe ka a ɗaki, 40 zuwa 60 da sifika 'yar inci 12 zai tsaya da mai ganga. Ninka wat sau biyu ƙara kaɗan yake ƙarawa a kunne. Kuma kada a jona masa jitar bas, mai kaurin muryar nan, sifikarsa ba ta wannan aikin ba ce.

Ciniki

Cikin dubu 90 ɗinka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar tun daga gida, na tsirkiya da waya mai kyau da ladan mai gyara da na'urar daidaita wuta. Abin da ya rage shi ne kuɗin cinikinka. Ba zan yanka maka farashi ba, don na Garwa daban da na Marwa, na yau daban da na bayan Sallah. Ka je da wanda ya girme ka a kiɗa, shi ya duba kai ka yi shiru. Ka lissafa wa mai shago aibin da ka gani ɗaya bayan ɗaya da kuɗin gyaran kowanne, sannan ka taya. In ya ce albarka, yi godiya ka tafi, jita ba tumatir ba ce, mako mai zuwa tana nan. In da dillali a tsakani, a san wanda zai biya la'ada tun farko. Ka nemi sharaɗin kwana biyu ko uku na gwaji a rubuta cikin takardar, kuma kada ka tura kuɗi a kan hoton WhatsApp, cinikin biri a sama ke nan. Amma in mai kayan ne da kansa ya zo sayarwa don lalura ta kama shi, kada ka matse shi har ƙashi. Makaɗi ne ɗan'uwanka, gobe kuna iya haɗuwa a dandali ɗaya.

In ni ne kai, shagon gwanjon nan zan fara zuwa da saitin tsirkiya a aljihu da makullin alan da katin banki. In wuyan Yamahar ya miƙe, sandar cikinta tana amsawa, zan saye ta da karcenta, in ci gaba da kaɗa ta ko babu amfili har in sami ɗan 220. Jar kuwa ba zan taya ta ba sai na ji muryar mai ita a waya. Ka ɗauko mini hoton rubutun bayan amfilin da na lambar da ke bayan kan jitar, su fito sosai, kuma kafin nan kada ka bari kowa ya jona shi a wuta don ya nuna maka yana aiki.